Ku Tsugunna Ku Dubi Ƙarƙashinta

Wannan makon layi ya zo kanmu, kuma labarin mota muka kawo muku.

Mu uku ne a ɗakinmu, duka maza. Babbanmu manomin shinkafa ne a fadamar Argungu. Na tsakiya malamin makaranta ne a Birnin Kebbi, shi aka ɗora wa rubutun nan. Sai autanmu, mai shagon gyaran waya a cikin garin Argungu. Za ku ji muna ta cewa "mu" daga farko har ƙarshe, domin tare muka haɗa kuɗin, tare muka tafka kuskuren, kuma tun ranar da abin ya faru muka yi alkawarin ba wanda zai zare jikinsa ya bar wa ɗan uwansa laifi.

Asalin maganar ba ta mota ba ce, ta Inna ce. Tun da mahaifinmu ya rasu ta ƙi barin gidansa da ke wata 'yar tunga a gefen fadama, wajen kilomita 3 daga bakin kwalta. Tana fama da hawan jini da ciwon baya, kuma duk wata sai ta ga likita a Birnin Kebbi. Tafiyar ba ta da nisa a baki, kilomita 50 da 'yan kai ce, ta Ambursa. Amma ga tsohuwa aiki ne na yini guda. Ɗan kabu-kabu zai fito da ita bakin titi, ta zauna jiran mota, idan an samu a cusa su huɗu a baya, biyu a gaba, wani lokaci har da buhu a kan ƙafa. Wata rana ta dawo bayan magariba ƙafafunta sun kumbura, takalmi ya ƙi fita sai da aka jiƙa shi da ruwa. Ba ta yi ƙorafi ba. Cewa kawai ta yi ƙashi ya tsufa. A daren muka zauna a zaure muka yanke cewa sai mun sayi mota.

Yanke magana daban, samun kuɗi daban. Ambaliyar 2020 da ta shafe gonakin shinkafa a faɗin jihar Kebbi ba ta tsallake tamu ba, sai da muka yi shekara biyu muna biyan bashin taki da na iri. A noman ranin 2023 ne Allah ya dube mu, shanshera ta yi kyau, kasuwa ma ta yi. Muka haɗa ribar da kuɗin bijimai biyu, malami ya kawo kwasar adashinsa, auta ya fasa abin da yake tarawa don faɗaɗa shago. Har takarda muka rubuta, kowa ya sa hannu, kuma a samanta an rubuta da manyan baƙi: motar kai Inna asibiti. Takardar tana nan har yau. Duk wanda ya karanta ta zai ga ba inda aka ambaci launi, ba inda aka ambaci ado.

Kafin mu ci gaba, bari mu yi wa kalmar "sabuwa" adalci. A wurinmu idan an ce wane ya sayi sabuwar mota, ba lallai ana nufin dal a leda ba. Galibi tokumbo ake nufi, wadda wasu ke kira Beljiyam, wato wadda aka hau a ƙasar waje amma ba a taɓa yi mata lamba a Najeriya ba. A da ta Kwatano yawancinsu ke shigowa, har sunan garin ya zama sunan kayan. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, aka ce sai ta tashar jirgin ruwa. Shi ya sa duk mai hankali, musamman a jiha irin tamu da ke iyaka da Nijar da Benin, takardar kwastan yake fara tambaya kafin ya tambayi farashi. Wannan darasin mun riƙe shi da kyau. Wani darasin ne muka saki.

A tsakiyar watan Mayu muka dunguma wurin wani mai sayar da motoci a Birnin Kebbi. Mun tafi da Kawu, ƙanin Inna, wanda ya yi shekaru yana jan Fijo 504 tsakanin Argungu da Sakkwato kafin ido ya ajiye shi. A filin akwai motoci iri-iri, kowace da laƙabin da 'yan Najeriya suka raɗa mata: Camry ta 2002 zuwa 2006 da ake kira Big Daddy, wadda ta biyo ta da ake kira Muscle, ga Honda da ake kira End of Discussion, wai an gama magana. Mu dai mun riga mun tsayar da shawara kan Camry, saboda ko a ƙauye aka tsaya da ita ba a rasa bakaniken da ya san cikinta, kayan gyaranta kuma ba sa wuya.

Biyu muka tarar a jere, duka ƙirar 2013. Ta farko ruwan toka ce, samfurin LE, ba ruwanta da kowa, tayoyinta da marfin roba, kai ka ce motar wani darakta mai jiran fansho. Ta biyu baƙa ce wuluk, samfurin SE, wadda dillalai ke kira sifot. Bambarta ta gaba ta sauko ƙasa kamar leɓen mai fushi, an bi gefe da gefenta da wata roba da suke kira siket, a bakin but akwai ɗan fiffike, rim ɗinta na aloyi yana ɗaukar ido, a bayan sitiyari kuma ga wasu 'yan maɓallai na canja giya da yatsa kamar motar tsere. Mu ukun nan ba wanda ya ce uffan, amma ƙafafunmu sun riga bakinmu magana. Gaban baƙar muka tsinci kanmu.

Dillali ya ga haka, ya san kifi ya shiga koma. Ya ce, "Alhazai, ai ba sai na yi dogon bayani ba. Waccan ta zuwa ofis ce, wannan ta shiga taro ce. Duk inda kuka tsaya da ita sai an tashi an ba ku kujera." Ba mu taɓa zuwa Makka ba, amma ba wanda ya gyara masa.

Kawu bai ko dubi fentin ba. Ya dogara sandarsa, ya tattare babbar riga, ya tsugunna a gaban motar da ƙyar, ya tura hannu ƙarƙashin bamba yana aunawa da taƙi. Ya zaga gefe ya sake aunawa. Sannan ya ɗago ya ce, "Yara, ku tsugunna ku dubi ƙarƙashinta. Mota ba a sayen ta a tsaye. Wagga, hanyar gidanku ba ta san ta ba." Auta ya yi dariya ya ce, "Kawu, zamanin Fijo ya wuce." Kawu ya ce haka ne, ya wuce, amma ramukan da Fijo ta bari suna nan ba su bi ta ba. Muka yi dariya gaba ɗaya, har da shi. Ba wanda ya tsugunna a cikinmu. Shaddodinmu sabbi ne, ƙasan wurin kuma akwai baƙin mai.

Abin da ya fi ba mu kunya idan mun tuna shi ne ba a rufe mu ba. Mun san gaskiya tun a filin. Auta ya ɗauki lambar jikin motocin biyu, mai baƙi da alƙaluma 17, wadda ake gani ta ƙasan gilashin gaba, ya bincika a wayarsa. Duka sun fara da 4T1, alamar a masana'antar Toyota ta Kentucky a Amurka aka ƙera su. Harafi na goma a duka biyun D ne, wato 2013, don haka ba tsohuwa aka yi wa kwaskwarima aka sa mata fuskar sabuwa ba, kamar yadda ake yi wa motoci da yawa yanzu. Sannan ya karanto mana abin da ya kamata ya kashe maganar: inji ɗaya ne a cikinsu, fulogi huɗu, lita 2.5, ƙarfin doki 178, giya shida mai canja kanta. Ba wadda za ta tsere wa 'yar uwarta a titi. Bambancin sifot shi ne adon jiki, da faɗin rim, da ƙafafu da aka ƙara wa tauri don ta riƙe kwana da kyau a lafiyayyen titi. Mun ji wannan da kunnuwanmu, muka gyaɗa kai, muka ci gaba da shafa baƙar.

Daga baya, da muka zauna tsakaninmu ba Kawu ba dillali, kowa ya fito da abin da ke ransa a ranar. Auta ya ce tun bikin kamun kifi na watan Maris 2020, da ya ga jerin gwanon motocin da suka taso daga Abuja suna shigowa Argungu ana ta yi musu tafi, ya ƙudurta wata rana shi ma sai an waiwayo an dube shi. Malami ya ce shekara goma sha yana jingine mashin a gindin darbejiya yayin da yaran da ya koyar ke wuce shi da gilashi a rufe. Babbanmu, wanda muke ɗauka ba ruwansa da irin wannan, ya ce ya gaji da yadda masu sayen shanshera ke yi masa magana daga cikin mota ba tare da sun sauko ba, kamar ba guminsa ne ke cika musu tirela ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwambar 2015, aka kuma buɗe kamfanin shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, kuɗi sun shigo harkar shinkafa, kuma sun shigo da sabon ma'auni. Mutumin da jiya kuke cin tuwo kwano ɗaya, yau da motarsa ake gane shi. Kowannenmu yana da wanda yake so ya ba amsa, kuma ba ɗaya daga cikin mutanen nan da ke cikin takardar da muka sa wa hannu.

Bambancin farashin ba kaɗan ba ne. Ya kai abin da zai saya mana injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, wanda babbanmu ya daɗe yana yi mana maganarsa. Muka ce injin fetur ɗinmu yana nan lafiya lau, na rana ya jira baɗi. Aka tura kuɗi, aka ba dillali la'adarsa, aka miƙo mana makulli. Kawu ya yi mana addu'ar Allah ya sa a kashe lafiya, ya tsare mu sharrin ƙarfe, bai sake cewa komai ba har muka sauke shi.

Ranar da muka kai ta gida ƙasa a bushe take, duk da haka sai da biyu suka sauka suna yi wa direba jagora da hannu a wurare uku. Yara suka biyo mu da gudu, mata suka leƙo ta kan danga, aka yi guɗa. Inna ta fito a hankali, ta zaga motar, ta taɓa ɗan fiffiken da ke bakin but ta ce, "Wanga fa, mi shika yi?" Muka dubi juna. Auta ya ce yana taimaka wa mota ta danne ƙasa idan tana gudu sosai. Ta ce, "To ku da za ku kai ni asibiti, gudun mi za ku yi?" Sannan ta sa mana albarka, ta yi hawaye, ta ce da mahaifinmu yana raye da ya ga ɗiyansa sun zama mutane. Albarkar nan ta sa muka manta da tambayar.

Ba a yi mako biyu ba, ranar 29 ga Mayu, sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sanar a jawabin rantsuwarsa cewa tallafin mai ya tafi. Litar da hukuma ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen Yuli ta wuce 600. Mai mota ya ji a jikinsa, amma manomin fadama ya fi shi ji, domin a noman rani fetur shinkafa ke sha kafin ta sha ruwa. Injin rana da muka ce ya jira baɗi ya tashi daga abin marmari ya koma abin dole, kuma da darajar naira ta faɗi a watannin da suka biyo baya, kuɗinsa ya yi sama ya bar mu. A ranin da ya biyo sai da babbanmu ya rage gonar da yake nomawa, ya ba da wani ɓangare haya. Bai taɓa cewa saboda siket ne ba. Mu ma ba mu taɓa tambayarsa ba, don mun san amsar.

Kada mu yi ƙarya mu ce ba mu ji daɗinta ba. Ranar Babbar Sallah, 28 ga Yuni, mun wanke ta tun asuba, muka ɗauki Inna da jikoki muka zaga gari, muka bi ta gaban gidan tarihi na Kanta, muka gangara wajen Matan Fada yara suka ga ruwa. Abokan auta suka yi ta ɗaukar hoto a jikinta. Wani da ya daɗe ba ya amsa sallamar malami da kyau ya tsallako titi ya miƙa masa hannu biyu. A lafiyayyen titi kuwa, tsakanin Ambursa da Birnin Kebbi, motar tana kwanciya a hanya kamar an shimfiɗa ta. Daɗin nan gaskiya ne, ba za mu ƙaryata shi ba. Sai dai ba shi muka fita nema ba.

Da damina ta kankama sai motar ta fara karanta mana darasin da muka ƙi ɗauka a bakin Kawu. Na farko a kan taya ne. Wani rami da ruwa ya rufe ya lanƙwasa mana rim ya kuma fasa gefen taya. Mai facin da ya duba ya nuna mana rubutun da ke jikinta, 215/55R17, ya ce mu dubi lamba ta tsakiya. Ita ke faɗin kaurin robar da ke tsakanin rim da ƙasa: kashi 55 cikin ɗari na faɗin tayar, wato wajen santimita 12. Ta waccan ruwan tokar da muka raina 205/65R16 ce, nata kaurin ya haura santimita 13. A ido ba wani abu ba ne, amma a cikin rami wannan ɗan bambancin ne ke shanye dukan kafin ya kai ga ƙarfe. Ga shi kuma irin tayarmu ta fi tsada, ba kuma kowane shago ke ajiye ta ba. Sai da aka aiko mana da ita daga Birnin Kebbi, motar ta kwana biyu a kan dutse.

Na biyu a kan tudun rage gudu ne, irin wanda kowane ƙauye ke zubawa a titi gwargwadon fushinsa da direbobi. Tsakanin cikin Camry da ƙasa bai kai santimita 16 ba tun tana wayam. Idan mutum biyar suka shiga, aka jefa buhu a but, sai ta ƙara zama. Mun koyi hawa tudu a karkace kamar kaguwa, muna jin siket yana gurzar ƙasa, kowa ya ɗauke numfashi.

Na uku shi ya fi ciwo. Taurin ƙafafun nan da aka yi don kwana, a hanyarmu bayan Inna yake sauka. Mun lura ta fara fitowa da matashin kai duk ranar asibiti, daga baya ta koma biyu. Da muka tambaye ta sai ta ce ba komai, ai ta fi kabu-kabu. Gaskiya ta faɗa, ta fi kabu-kabu. Amma ba don ta fi kabu-kabu kawai muka sayar da bijimai ba.

Sai daren nan na watan Agusta. An wuni ana ruwa, bayan isha'i aka sake ɓarkewa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya matar babbanmu ta ga Inna tana riƙe da kai, maganarta tana harɗewa. Aka kira auta, don a wurinsa motar ke kwana a cikin gari. Cikin 'yan mintoci ya iso inda kwalta ta ƙare. Daga nan ne tafiyar ta gagara. A wani ɗan kwari da ruwa ke yankewa, wanda a rani ko yaro ba ya lura da shi, gaban motar ya nutse, cikinta ya zauna daram a kan laka, tayoyin gaba suna ta juyawa a banza. Ya sa giyar baya, ya taka, sai ya ji ƙarar roba tana yagewa. Ya fito cikin ruwa yana tonon laka da hannu, waya a baki don haske, yana jiyo kiran babbanmu yana shigowa ba hannun ɗauka.

Wani maƙwabci ne, Allah ya saka masa, ya ɗaure shanunsa a amalanke cikin daren nan. Aka shimfiɗa katifa, aka kwantar da Inna, aka rufa mata leda. Amalanken ya zo ya raɓa ta gefen motarmu ya wuce, shanun ko tsayawa ba su yi ba. Auta ya ce har ya mutu ba zai manta da wannan ba: fitilun motar a kunne, suna haska ƙafafun shanu da fuskar mahaifiyarmu a ƙarƙashin leda. A bakin titi Kawu na jira da wani tsohon yaron motarsa da ya taso daga barci, da wata tsohuwar mota da ko fenti ɗaya ba ta da shi. Ita ta kai Inna asibiti a Argungu, da safe aka wuce da ita Birnin Kebbi. Tsakanin kiran farko da isarta hannun ma'aikata an yi fiye da awa biyu, a tafiyar da ba ta kai rabin awa ba.

Allah ya yi da sauran kwana. Ta yi kwana tara a gado, ta tashi, sai dai hannun hagu bai koma daidai ba har yau. Likita ya gaya mana cewa a irin wannan ciwo kowane minti yana da daraja. Bai san labarin motar ba, mu kuma ba mu ba shi ba.

Mun daɗe muna juya maganar, kuma adalci ya sa mu faɗi wannan: ko ruwan tokar muka saya, mai yiwuwa da ita ma ta zauna a kwarin nan, don tsayinsu daga ƙasa kusan ɗaya ne. Ba siket kaɗai ya kayar da mu ba. Kuskuren ya girmi zaɓi tsakanin mota biyu. Mun je saye da hoton kanmu a zuciya, ba da hoton hanyar gidanmu ba. Da mun tsugunna kamar yadda aka ce mana, da wataƙila tambayar ta canja gaba ɗaya: shin ƙaramar mota ce ma ta dace da mu, ko mai tsayi ko da ta fi tsufa? Ko kuwa mu sayi mai arha, ragowar kuɗin mu zuba wa kwarin nan dutse? Ba mu yi ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan ba, saboda ba a yin su a tsaye cikin sabuwar shadda.

Kuma ba muna cewa ado laifi ba ne. A nan Birnin Kebbi, a kwalejin kimiyya da fasaha da yanzu ake kira Waziri Umaru, Jelani Aliyu ya karanta zanen gine-gine kafin ya tafi Detroit ya koyi zanen motoci, ya yi aiki da General Motors, ya zana Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, daga baya a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar ƙera motoci ta ƙasa. Duk ɗan Kebbi yana alfahari da wannan. Surar mota ilimi ce, mutane ke ƙone ƙuruciyarsu a kanta. Wanda ya zana wa motarmu siket da leɓe bai yi wauta ba, titin da ke gabansa ya duba ya zana. Mu ne muka ɗauko amsar wata hanya muka kawo wa tamu. Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, wadda auta ya yi wa dariya, ba don kyau ta yi shekaru tana mulkin hanyoyin Arewa ba. Ta daɗe ne don ƙafafunta sun san rami, kuma kowane bakanike ya san ta.

Bayan an sallamo Inna muka sake zama a zauren nan, wannan karon da Kawu. Maganar sayar da motar ta taso, muka lissafa muka ga asara za mu tafka, ga rauni a jikinta. Sai muka kai ta gareji. Aka kwance siket ɗin da ya rage, aka gyara bamba aka ɗaure ta sama. Muka ba da rim ɗin aloyi, aka ba mu na ƙarfe mai inci 16 da tayoyi masu kauri, har da 'yar cikowa. Wani matashi da ke wurin ya riƙe baki ya ce bai taɓa ganin wanda ya mayar da sifot gidan jiya da kuɗinsa ba. Cikowar muka ƙara da abin da ya samu, muka yi magana da mai gari, aka kira gayya bayan ruwa ya ɗauke. Tifa huɗu ta dutse da marmara aka zuba a kwarin, aka sa bututu biyu ruwa ya samu hanya. Ba aikin injiniya ba ne, kuma duk shekara sai an ƙara, amma daminar da ta biyo motar ta shiga har ƙofar gida, haka ma motar da ta zo ɗaukar wata mai naƙuda a maƙwabta.

Ranar da aka gama aikin Kawu ya zo da sandarsa ya taka wurin daga farko har ƙarshe. Muna jiran ya tuna mana maganarsa, don yana da hakki. Bai yi ba. Cewa ya yi a ƙara dutse ta gefen gabas, nan ruwa zai fara ci. Aka ƙara.

Yanzu motar ba ta tsayar da kowa a hanya. Wanda ya tsallako titi ya gaida malami ya koma ɗaga hannu daga nesa. Inna ta koma matashi ɗaya. Ɗan fiffiken yana nan a bakin but, ita ta hana a cire, ta ce a bar wa yaro abinsa, ai bai tare wa kowa hanya ba. Siket ɗin da ya tsira kuwa babbanmu ya ɗaure shi da waya a bakin rufin ɗakinta, ya zama indararo, yana tara mata ruwan sama a randa. Duk wanda ya shigo gidan sai ya tambayi inda aka samo irin wannan indararo mai kyau, ita kuma sai ta ce ɗiyanta sunka sawo mata, da tsada.

Injin rana har yanzu muna tarawa. Takardarsa tana hannun Kawu, shi muka ba ajiya, kuma mun gaya masa ranar saye ƙafarsa ƙafarmu, da tsofaffin kaya za mu je.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun ji daga gare ku.